Kada a goge fayil na asali: darasi daga masu binciken taurari

A shekarar 2007, Duncan Lorimer da ɗalibinsa David Narkevic suna duba tsofaffin bayanan da na'urar Parkes ta Ostareliya ta naɗa tun 2001, sai suka ci karo da wata siginar rediyo daga sararin samaniya wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba. Irinta ta farko ke nan da aka gano. Da an watsar da bayanan, ko sun ƙi buɗuwa, da shi ke nan.

Masu nazarin "pulsar", wato tauraron da ya mutu yake juyawa da sauri yana harbo siginar rediyo, kullum suna fama da sauya fayil. Wata manhaja tana karanta tsarin PSRFITS, wata kuma filterbank. Idan manhajar sauyawa ta kuskure lokacin naɗi, ko ta juya jerin mitoci, siginar tauraron sai ta ɓace cikin hayaniya, alhali fayil ɗin yana buɗewa lafiya lau. Hanyar gano kuskuren ita ce a koma a kwatanta da na asali.

Mai wayar hannu ma haka abin yake. Hoton HEIC na iPhone da aka mayar JPG, ko bidiyon da WhatsApp ya matse, ya riga ya rasa wani abu da ba zai dawo ba. Kukan ƙarancin memori gaskiya ne, amma katin memori ya fi hoton da ba shi da madadi araha. A sauya fayil, a tura kwafi, amma na asali ya zauna a ajiye.