Ba Haɗama Ba Ce, Kuma Horon Ciki Ba Ya Maganinta

A ƙauyukan Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, inda 'yan bindiga suka shafe shekaru suna raba manomi da gonarsa, duk wanda ya tayar da zancen cutar cin abinci fiye da kima za a yi masa kallon ƙosasshe. Ina ganin wannan kallon kuskure ne. Mai wannan lalura shi ne wanda zai tsaya a madafa bayan kowa ya kwanta, yana tura lomar tuwo mai sanyi da sauri ba don yunwa ba, zuciya na cewa ya isa amma hannu ya ƙi tsayawa, har ciki ya ɗaure. Daga nan ya wanke kwanon ya kife don kada a gane, ya kwana yana tsanar kansa. Likitan ƙwaƙwalwa Albert Stunkard ya bayyana wannan lalura tun 1959, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka kuma ta amince da ita a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013, idan abin yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku.

Masu cewa cutar masu kuɗi ce su dubi abin da ya faru a Jami'ar Minnesota tsakanin 1944 da 1945. Mai bincike Ancel Keys ya samu samari 36 lafiyayyu da suka amince a rage musu abinci da kusan rabi na tsawon wata shida. Tunaninsu ya koma kan abinci dare da rana, kuma da aka sakar musu mara, wasunsu suka riƙa ci har su galabaita, ba su jin sun ƙoshi. Ashe rashi ne ke koya wa jiki wawaso. Iyalin da suka gudu daga ƙauye, yau a samu gobe a rasa, ga fargaba ga rashin barci, suna cikin haɗarin da ɗan birni mai firji bai fi su ba.

Bayan rashi, tunanin mai lalurar ma yana da tasiri, amma ba irin wanda muke cusa masa ba. Mu abin da muka iya shi ne gori: acici, rumbu, ba ka da zuciya. Shi kuma sai ya ɗauki alwashin hora cikinsa, ya ƙi karin kumallo, ya wuni da ruwa, dare na yi yunwa da ɓacin rai su haɗu su kayar da shi, ya ce tunda na riga na karya, bari in ƙarasa tukunyar. Wannan tunanin na ko duka ko babu shi ne ke juya cutar. Farfesa Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford ya gina maganinsa ne kan karya shi: a ci a kan lokaci, sau uku da ɗan abin taɓawa a tsakani, kada a bar ciki fiye da awa huɗu da rana, a riƙa lura da abin da ya faru kafin kowane zari ya taso, a kuma ɗauki tuntuɓe ɗaya a matsayin tuntuɓe kawai.

Za a ce addini ya hore mu da daidaita ci, kuma haka ne. Sai dai wa'azin da ke amfanar mai kwaɗayi yana iya ƙara wa marar lafiya kunya, kunya kuwa ita ke sa shi ɓuya. Hujjar da ta fi nauyi ita ce talauci: wanda ba shi da tabbacin abincin dare, ina zai samu tsarin ci sau uku? Ban musa ba, gyaran tunani ba ya cika rumbu, kuma sai manomi ya koma gona lafiya za a toshe bakin matsalar. Amma raba ɗan abin da ke akwai gida uku ya fi tara shi zuwa dare, kuma daina gori ba ya cin ko kwabo. Ma'aikatan ƙananan asibitocin Sabuwa da ke auna hawan jini da ciwon suga su ƙara tambaya ɗaya a keɓe, ko mutum yana ci ya kasa tsayawa, wanda abinsa ya yi tsanani a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.