Shin Haƙuri Yana Nufin Mantuwa?

  

'Yan'uwana matasa, wata tambaya ce da aka yi mini ta sa na yi wannan rubutu. Akwai wata yarinya 'yar shekara tara da na koyar a Islamiyya. Ta kai izu biyar a hadda sai jikinta ya fara ƙi, yau zazzaɓi, gobe kasala, ga dasashi yana jini. An sha maganin zazzaɓin cizon sauro, an sha na gargajiya, kafin likitoci su gano cewa sankarar jini ce. Wata goma sha huɗu aka yi ana jinya, har mahaifinta ya sayar da filinsa, sannan Allah Ya karɓi abarSa.

Bayan shekara uku, ranar walimar saukar 'yan ajinsu, mahaifiyar ta zo ta zauna can baya, ta rufe fuska da mayafi tana hawaye. Sai wata ta ce mata: "Haba baiwar Allah, har yanzu? Ina tawakkalin?" Mako na zagayowa, da aka tashi daga ajin matan aure, ta tsaya ta ce da ni: "Malam, don Allah ka gaya mini gaskiya, kukan nan da nake yi ya cinye ladan haƙurina?"

Amsar da na ba ta ita ce a'a, kuma ga dalilina.

A shekara ta 10 bayan Hijira, Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu bai cika shekara biyu ba. Imamul Bukhari ya ruwaito daga Anas (RA) cewa Annabi ya ɗauke shi yana gargara, idanunsa suna zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf (RA) ya yi mamaki. Sai Annabi ya nuna masa cewa wannan rahama ce, ya kuma shata iyaka: ido da zuciya suna da nasu, amma harshe ba zai furta abin da Ubangiji bai yarda da shi ba. Kada mu manta, shida daga cikin 'ya'yansa bakwai sun riga shi rasuwa, Nana Faɗima (RA) kaɗai ta rayu bayansa. Wanda ya koya mana haƙuri ya san ɗacin binne ɗa.

Wani zai ce ai wannan kukan ranar mutuwa ne, ba na bayan shekaru ba. To, ya buɗe Suratu Yusuf daga aya ta 84 zuwa ta 86. Annabi Yakubu (AS) ya daɗe yana baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. 'Ya'yansa suka zarge shi da cewa ba zai daina ambaton Yusuf ba sai ya halaka, kamar dai yadda aka zargi matar nan. Bai ce musu ya daina ba, sai ya mayar da kukansa ga Allah. Kuma shi ne dai wanda surar ta ambaci kyakkyawan haƙuri a bakinsa har sau biyu. Ashe ke nan haƙuri da doguwar kewa suna iya zama a zuciya ɗaya.

Kwana ukun da muke kafa hujja da su kuwa, hukuncin ihdadi ne, wato mace ta bar ado da turare saboda mamaci, ban da mijinta wanda za ta yi wa takabar wata huɗu da kwana goma. Ba a yanka wa zuciya wa'adi ba. Abin da shari'a ta hana a fili yake: kururuwa, marin fuska, yaga tufafi, da maganar da ke nuna fushi da ƙaddara.

Sai dai al'adarmu ta ɗora wa iyaye abin da addini bai ɗora musu ba. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta ko faɗin sunansa yana raye, balle ta yi kukansa a gaban surukai. Uba kuma an ce namiji ba ya kuka, sai ya haɗiye ya koma kasuwa. Da an watse daga zaman makoki sai gida ya yi tsit, kowa yana gudun ambaton yaron wai don kada a fama ciwo, alhali uwar tana jin kamar an sake binne shi ne.

Mutuwar ciwon daji kuma tana da nata nauyin. Iyaye sun kalli gashin ɗansu yana zubewa saboda ƙarfin magani, sun kwana a barandar asibiti, sun ci bashi. Daga baya sai "da na sani" ta hana su barci: da mun kai shi da wuri, da muna da kuɗi. Wasu ma a hure musu kunne cewa sammu ne, a ɗora wa kishiya ko maƙwabciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin yara da matasa 400,000 ne suke kamuwa da ciwon daji a kowace shekara, kuma mafi yawansa ba a san musabbabinsa ba. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba. Wannan giɓin na ƙarancin asibitoci ne da tsadar magani da jinkirin gano cuta. Darasi ne gare mu mu garzaya asibiti idan zazzaɓin yaro ya ƙi jin magani, ko aka ga kumburi a muƙamuƙi ko a ciki, ko fari a ƙwayar ido. Amma haramun ne mu mayar da shi bulalar dukan wanda ya riga ya rasa.

To, me ya kamace mu? Imamu Muslim ya ruwaito cewa wani mutum da 'ya'yansa biyu suka rasu ya roƙi Abu Huraira (RA) ya faɗa masa abin da zai sanyaya masa rai. Bai yi masa faɗa ba, sai ya ba shi albishir daga Annabi (SAW) cewa ƙaramin yaro zai riƙe tufafin mahaifinsa, ba zai saki ba sai Allah Ya shigar da su Aljanna tare. Mu yi koyi da shi. Ka leƙa gidan bayan wata shida, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Ki ambaci yaron da alheri, idan uwar ta fara ba da labarinsa ki saurara. Mu daina cewa "ai za ki sami wani", domin ɗa ba ya maye gurbin ɗa. Mai hali ya rage musu bashin jinya. Idan kuwa baƙin cikin ya kai ga hana ci da barci na tsawon lokaci, ko mutum ya fara tunanin cutar da kansa, to a haɗa addu'a da ganin likita, babu abin kunya a ciki.

Ita kuwa baiwar Allah nan, na tambaye ta abin da ta faɗa a lokacin da ran 'yarta ya fita. Ta ce istirja'i ta yi, ta gode wa Allah. Na ce mata Imamut Tirmizi ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (RA) cewa wanda ya yi haka Allah Yana sa a gina masa gida a Aljanna, a kira shi Gidan Godiya, kuma ban ga inda aka ce hawaye yana rushe shi ba.

Allah Ya sa yaran da suka riga mu su zamo masu ceton iyayensu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.