Gudu Kaɗai Ba Ya Cin Kofi

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a makarantu da filayen unguwa, tun daga Abakpa har Unguwar Shanu da Kawo. Idan za a zaɓi ɗan wasan gefe, wato lamba 7 ko lamba 11, sai a duba wanda ya zo na ɗaya a tseren mita 100 a miƙa masa riga. A ganina wannan kuskure ne babba, kuma yana sa mu yi asarar yara masu hazaƙa.

Bari in kawo misali daga Amurka. Can suna da wata irin ƙwallo mai siffar ƙwai wadda ake jefawa da hannu. A cikin 'yan wasanta akwai masu ruga wa gaba su cafe ƙwallo idan an jefo, akwai kuma masu tare ta idan abokan karawa sun bugo da ƙafa, su dawo da ita a guje. Kowace shekara akan gwada samarin da ke neman shiga babbar gasarsu ta NFL da tseren yadi 40. A 2017 wani mai suna John Ross ya gama tseren cikin sakan 4.22, abin da ba a taɓa yi ba a wannan gwaji kafin shi. Ƙungiyar Cincinnati Bengals ta ɗauke shi da ɗoki, amma a shekararsa ta farko bai cafe ƙwallo ko sau ɗaya a gasa ba. Shi kuwa Jerry Rice, wanda bai kai shi gudu ba, ya cafe ƙwallo sau 1,549. Abin da ya taimaki Rice shi ne hannu mai riƙo, da sanin inda zai tsaya, da naci wajen motsa jiki. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.

To, mu dawo gida Kaduna. Garin nan ne ya haifi Daniel Amokachi, da Tijani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro, kuma dukansu suna cikin tawagar da ta ciwo wa Nijeriya zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996. Kowa ya san Babangida da gudu kamar barewa. Amma ƙwallaye 2 da ya zura wa Afirka ta Kudu a Legas a 2000, a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka, saiti da natsuwa ne suka kai su raga. Garba Lawal kuwa an san shi da juriya da iya riƙe duk wurin da aka sa shi. Da agogon tsere kaɗai aka yi amfani da shi, da wataƙila ba mu ji sunansa ba.

Wani zai ce ai gudu baiwa ce, malami ba ya iya koyar da ita, don haka gara a ɗauki mai gudu a koya masa sauran. Akwai gaskiya a nan. Devin Hester na Chicago Bears ya tare bugun farko a wasan ƙarshe na Fabrairun 2007, ya ratsa fili har ya ci. Amma ku lura, masu horar da shi sun gane aikin da ya dace da shi ne suka ba shi. Mu kuwa zangon karatu ɗaya muke da shi kafin gasa, kuma wata 3 ba su isa a koya wa mutum tsayar da ƙwallo da ɗaga kai ba.

Saboda haka ina roƙon malaman wasanni da kyaftin-kyaftin na gidaje su gwada kowane yaro a kan abubuwa 4. Na farko, tsayar da ƙwallo idan ta zo da ƙarfi. Na biyu, bugo ta daga gefe ta sami kan abokin wasa, a ƙirga sau nawa ya dace cikin 10. Na uku, komowa baya ya taimaki masu tsaron gida idan an ƙwace. Na huɗu, sai a kawo tsere, shi ma da ƙwallo a ƙafa. A rubuta makin kowa a liƙa a allo, don kada a ce an yi son kai ko an fifita 'yan manyan aji.

Iyaye kuma, idan ɗanku bai ci tsere ba, kada ku ce masa ba shi da rabo a ƙwallo. Ku bar shi ya je gwaji. Allah Ya ba mai rabo sa'a, amin.