Shan-inna Ba Ta Nuna Takarda A Gadar Ngeli

Kwanakin baya a shirinmu na buga waya a gidan rediyo, wani bawan Allah mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Njamena ya yi mini tambayar da na san tana zukatan mutane da dama. Ya ce, "Malam, su 'yan Rotary ɗin nan da ke bin masu ɗigon shan-inna, mene ne ribarsu?" Tambaya ce irin ta ɗan kasuwa, domin shi dai bai saba ganin an fitar da kuɗi ba tare da lissafin abin da zai dawo ba.

To, ga abin da na sani. Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa Rotary a birnin Chicago ta Amurka a 1905, kuma 'yan kasuwa ne da ma'aikata suka fara taruwa a cikinta. Ashe ke nan ba ta da nisa da ƙungiyoyinmu na kasuwa, masu haɗa gudummawa in gobara ta tashi ko wani ya yi rashi. Membobinta, har da na nan Njamena, ba albashi ake biyansu ba, su ne ma ke sa hannu a aljihu. A 1985 ƙungiyar ta ɗauki alkawarin yaƙi da shan-inna, kuma daga lokacin zuwa yau ta zuba sama da dala biliyan 2. Sa'ad da aka ƙaddamar da gangamin duniya a 1988, cutar na nakasa yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Yau asalin ƙwayar ta rage a Pakistan da Afganistan kawai.

Amma fa mu yi wa kanmu adalci, mu tuna 2003. A shekarar ce aka dakatar da rigakafin a Kano bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Ni ban ga laifin wanda ya ji tsoro ba, domin gwajin maganin Trovan da aka yi wa yaran Kano a 1996 bai bar zukata ba. Sai dai kafin a dawo da ɗigon a watan Yulin 2004, aikin gama ya gama. Cutar ta shigo Chadi, ta wuce Sudan, a 2005 har ta kai Yaman da Indunusiya. Ta wace hanya? Ta hanyar da kayanmu ke bi mana: Maiduguri, Gamboru Ngala, Fotokol, Kusiri, a haye gadar Ngeli a shigo Njamena. Jami'in kwastan zai kirga dila, ɗan sanda zai duba takarda, amma babu mai iya ganin abin da ke cikin hanjin yaron da ke goye a bayan uwarsa. A cikin kimanin mutum 200 da suka kamu, ɗaya ne ke shanyewa, mafi yawan sauran suna yawo da ita lafiyarsu ƙalau, suna yaɗa ta ta bayan gida da gurɓataccen ruwa. A 2011 kaɗai yara 132 ta kama a Chadi.

Wani zai ce ai tun ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa an kawar da ita daga Afirka, to ɗigon na mene ne kuma? Gaskiya ne, asalin ƙwayar rabon Chadi da ita tun 2012, Nijeriya kuwa tun 2016 a Borno. Amma akwai abin da ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙa faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Shi ɗigon, ƙwaya ce da aka raunana. A unguwar da kusan kowane yaro ya sha, ba ta da inda za ta je. A inda aka bar yara da yawa ba su sha ba, tana iya daɗewa tana tsalle daga wannan zuwa wancan har ta sake yin ƙarfi ta nakasa. Wannan nau'in ne ya addabi yankin Tafkin Chadi bayan shelar, shi ya sa a Afrilun 2025 Chadi da Nijeriya da Nijar da Kamaru da Afirka ta Tsakiya suka yi gangami lokaci guda, da nufin kai wa ga yara miliyan 83. Kuma a nan Njamena aka ƙaddamar da shi.

Abin da ya dame ni shi ne 'ya'yanmu, mu masu ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Ranar da masu ɗigo suka bi gida-gida a Njamena, iyali na Kusiri wajen biki. Ranar da aka yi a Kamaru, sun dawo. Haka yaro zai kai shekara 5 ba a taɓa shafa masa tawada a ɗan yatsa ba, alhali ubansa bai taɓa cewa ba ya so ba.

Don haka shawarata ga 'yan Rotary ita ce, bikin ranar 24 ga Oktoba da jawabai da Faransanci duk suna da kyau, amma Alhajin da ke rumfa a kasuwar gero ko Dembe da Hausa da Larabcin Chadi yake ciniki. Su nemi shugabannin kasuwa da na tasha, su zauna da su a kan tabarma. Mu kuma kada mu jira a zo. Shugaban kowane layi ya san wanda ke da ƙananan yara. Ya tambayi ranar gangami na gaba a asibitin unguwa, ya sa a yi shela, a ware rumfa ɗaya mai inuwa inda za a ajiye akwatin sanyi, direbobin Kusiri kuma su yi haƙurin minti 5 a bakin gada a ɗiga wa yaran da ke cikin mota kafin a tashi.