An kashe Buharin Daji, amma dajin bai mutu ba

Jama'ar Damagaram, mu tuna wani abu. A watan Maris na 2018 aka kashe Buharin Daji, ƙasurgumin shugaban 'yan bindigar Zamfara. Ba soja ne ya kashe shi ba, Dogo Gide ne, na cikin gida. Aka kai gawa Gusau, jama'a suka yi ta murna wai wahala ta ƙare. Ina! Shekara ta zagayo sai ga dubban 'yan gudun hijira suna kwararowa jihar Maraɗi, shi kuma Dogo Gide ya zama sabon dodo.

Ko a Amurka haka abin yake. Ranar 16 ga Disamba 1985 aka bindige Paul Castellano, uban gidan Gambino na 'yan mafiya, a ƙofar wani gidan abinci a birnin New York. John Gotti, yaron gidan, shi ya kitsa kisan, ya haye kujerar. Shi ma na hannun damansa ya ba da shaida a kansa, ya mutu a gidan kaso a 2002.

Me ya kawo wannan zance a Zinder? Saboda muna jin wasu, in faɗa ya ɓarke tsakanin 'yan palais, suna cewa a bar su su ƙarasa juna mu huta. Wallahi ba hutu a ciki. In shugaba ya faɗi, akwai yara a bayansa, kowa na son ya nuna ya fi shi taurin zuciya.

Wanda ya kalli fim ɗin Aïcha Macky na 2021 a kan Kara-Kara ya ga inda abin ke farawa: yaro ba lakkal, ba sana'a, sai ɗaga ƙarfe da safarar man fetur daga Najeriya. Palais ta ba shi suna da kariya, mu me muka ba shi?

Jandarma da 'yan sanda su yi aikinsu, ba mu hana ba. Amma mai gareji, tela da mai walda, kowa ya ɗauki yaro ɗaya. Masu unguwa su san 'ya'yan unguwarsu. Mu kuma mu daina sayen wayar da muka san ta sata ce, don kuɗinmu ne ke ciyar da gobarar.

Allah ya shirya mana zuri'a.