Ra'ayinmu: A Kawo Takarda Kafin A Sa Hannu

Ran 23 ga watan Yuni, 2016, aka yi wa mutanen Birtaniya tambaya guda ɗaya tak: a ci gaba da zama cikin Tarayyar Turai, ko kuwa a fita? Kimanin kashi 52 cikin ɗari suka ce a fita, kashi 48 suka ce a zauna. Ƙasar ta shiga wannan haɗaka tun 1973, watau shekara 43 ke nan dokokinta na ciniki da noma da kamun kifi da shige da fice suna sarƙe da na maƙwabtanta. Takardar ƙuri'a ba ta faɗi yadda za a warware wannan sarƙa ba, ba ta kuma faɗi abin da za a biya ba. Tsara hanyar fita ya rataya a wuyan gwamnati, sa ido a kan gwamnati kuwa ya rataya a wuyan Majalisa. Mun ga ya dace mu waiwayi yadda Majalisar ta sauke wannan nauyi, domin masu karanta wannan mujalla, in ba ɗalibai ne masu shirin kama aiki ba, to ƙananan ma'aikata ne, waɗanda gobe su za su riƙa rubuta irin takardun da aka yi ta tashin jijiyar wuya a kansu.

Da farko ma gwamnatin Theresa May ba ta yi niyyar neman izinin kowa ba. Ta ce ƙulla yarjejeniya da ƙasashen waje, da kwance ta, iko ne na gadon sarauta wanda ministoci ke riƙe da shi a madadin Sarauniya. Sai da wata 'yar kasuwa, Gina Miller, ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 24 ga Janairu, 2017, alƙalai 8 suka rinjayi 3, cewa haƙƙin da Majalisa ta ba jama'a da doka, minista ba ya iya ƙwace shi da wasiƙa. Abin lura a nan shi ne, ba Majalisa ce ta ƙwato wa kanta wannan iko ba, daga waje aka ƙwato mata. Da aka danƙa mata shi kuwa, sai ta zartar da 'yar gajeruwar doka wadda ta ba Firayim Minista izinin aika wasiƙar fita ba tare da sharaɗi ba. Aka aika ran 29 ga Maris, 2017, wa'adin shekara biyu ya fara tafiya, alhali ko a cikin majalisar ministoci ba a daidaita a kan inda aka dosa ba. A ganinmu wannan shi ne kuskure mafi girma, domin ranar da gwamnati ke neman izini ita ce ranar da ta fi jin magana.

Inda Majalisa ta yi rawar gani shi ne wajen neman takardu. An kafa kwamiti na musamman a Majalisar Wakilai, mai mutum 21, a ƙarƙashin Hilary Benn na jam'iyyar adawa. Ministan da ke kula da fitar, David Davis, ya sha nuna wa wakilai cewa ma'aikatarsa tana nazarin sassan tattalin arziki har 58. Wakilai suka ce to, gani ya kori ji, a kawo. Aka yi ta jan ƙafa, har ran 1 ga Nuwamba, 2017, suka zaƙulo wata tsohuwar hanya da aka daɗe ba a bi ba, watau roƙon Sarauniya ta umarci ministocinta su gabatar da takardu. Aka kawo shafuka kimanin 850, an cire waɗansu abubuwa daga ciki. Sa'an nan ran 6 ga Disamba ministan ya zauna gaban kwamiti, ya amsa da bakinsa cewa ba a yi ƙididdigar abin da fitar za ta jawo wa kowane sashe ba. Ku duba fa: wata takwas bayan aika wasiƙa, ba a auna nauyin kayan da aka ce jama'a su ɗauka ba. Ba ihu ne ya tono wannan ba, ba kuwa zanga-zanga ba. Kwamiti ne da ya zauna yana maimaita tambaya ɗaya har aka gaji aka ba shi amsa.

Daga nan wakilai suka sami ƙwarin gwiwa. Ran 13 ga Disamba, 2017, Dominic Grieve, ɗan jam'iyyar da ke mulki, ya jagoranci gyaran doka wanda ya wajabta a kawo yarjejeniyar fita gaban Majalisa, aka ci da ƙuri'a 309 a kan 305. Bayan shekara guda, da gwamnati ta ƙi bayyana cikakkiyar shawarar da Babban Lauyanta ya ba ta, Majalisa ta same ta da laifin raina Majalisa, abin da ba a taɓa yi wa wata gwamnati ba a can. Kashegari takardar ta fito. Ran 15 ga Janairu, 2019, aka ƙi yarjejeniyar da ƙuri'a 432 a kan 202, aka sake ƙin ta sau biyu cikin Maris.

Amma fa kada mu yi wa Majalisa kirarin da bai dace da ita ba. Da wakilai suka karɓe ragamar zama daga hannun gwamnati ran 27 ga Maris, 2019, aka shimfiɗa musu hanyoyi 8, ba wadda ta sami rinjaye. Aka sake gwadawa da 4, duk suka faɗi, ɗaya ma da ƙuri'a 3 kacal. Kowa ya san abin da ba ya so, ba a haɗu a kan abin da ake so ba. Jama'a suka ƙosa, kuma ƙosawar jama'a ita ce jarin duk shugaban da Majalisa ta dame shi. Boris Johnson, wanda ya gaji Theresa May, ya nemi rufe Majalisa na mako biyar, Kotun Ƙoli ta soke rufewar ran 24 ga Satumba, 2019, da bakin alƙalai 11 gaba ɗaya. Ya koma ga masu zaɓe cikin Disamba, suka ba shi rinjayen kujeru 80. Nan da nan aka sake fasalin dokar fita, aka cire sashen da zai ba Majalisa ta cewa a kan irin dangantakar da za a nema nan gaba. Ƙasar ta fita ran 31 ga Janairu, 2020.

Ƙarshen labarin shi ya fi ba mu takaici. Yarjejeniyar ciniki, wadda ita ce za ta shafi aljihun manomi da masunci da direban babbar mota, an kammala ta ran 24 ga Disamba, 2020. Shafukanta sun haura 1,200. Aka kira Majalisa daga hutu ran 30 ga wata, Majalisar Wakilai ta yi muhawara ta sa'o'i kaɗan, ta amince da ƙuri'a 521 a kan 73, kafin gari ya waye ta zama doka. Wane mai karatu ne zai iya fahimtar kundi irin wannan cikin kwana huɗu ko biyar? Ɗaliban ƙasar ma a wannan makon suka ji cewa an fitar da su daga shirin Erasmus na musayar ɗalibai tsakanin jami'o'in Turai, ba tare da an yi wata muhawara ta kirki a kai ba. Majalisar Tarayyar Turai kuwa, wadda ake yi wa gorin nawa, ta ƙi a gaggauta ta, sai cikin Afrilu 2021 ta amince. Kwamitin Hilary Benn ya nemi a ƙara masa lokaci don ya bi diddigin yadda yarjejeniyar za ta yi aiki, gwamnati ta ƙi, aka rufe shi cikin Janairu 2021.

Wani zai ce, ina ruwanmu da rigimar Turawa? Ai gemun ɗan'uwanmu ma ya kama wuta. Ran 28 ga Janairu, 2024, gwamnatocin soja na Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975, fitar kuma ta tabbata bayan shekara guda. Ba mu zo yanke hukunci a kan ko sun yi daidai ba. Suna da ƙorafinsu, musamman a kan takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar a 2023, wanda talakan Maraɗi da na Katsina suka sha wuyarsa tare. Abin da muke nunawa shi ne, babu zaɓaɓɓiyar majalisa a ƙasashen uku wadda za ta kira minista ta tambaye shi makomar fasfo, da kuɗin fito, da falke mai ɗauko albasa daga Galmi. A wannan ɓangaren iyaka kuwa muna da Majalisar Tarayya da kwamitocinta, kuma sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniya da ƙasashen waje ba ta zama doka sai Majalisa ta zartar da ita. Saboda haka muna kira ga wakilanmu, musamman na mazaɓun Illela da Jibiya da Maigatari, cewa duk wani shiri da za a ƙulla da maƙwabtan nan uku, su nemi a ajiye musu takardarsa a kan tebur, da ƙididdigar abin da zai jawo wa kasuwannin kan iyaka, tun da sauran makonni kafin ranar sa hannu.