Idan Injin Bulo Ya Karkace, Kada Ka Zargi Magini

Duk matashin da ya fara koyon haɗa shafukan intanet ya san wannan daɗin: ka rubuta umarni layi ɗaya, ka danna, sai ga fayiloli sun zubo kamar an buɗe famfo. A Ruby on Rails, "rails generate model" kaɗai zai ba ka fayil ɗin model, da na gyaran rumbun bayanai, har da fayil ɗin gwaji. Wasunmu har hoton allon suke ɗauka su ɗora a WhatsApp. To amma tsakani da Allah, mu nawa ne muka taɓa buɗe wancan fayil ɗin gwajin muka ga abin da ke ciki?

Ba komai a ciki, jama'a. Rails yana zuwa da Minitest, kuma gwajin model da yake haifar maka misali ne guda da aka kashe shi da alamar sharhi, wato kwamfuta ba ta ma karanta shi. Idan RSpec kake amfani da shi, layi ɗaya zai bar maka mai cewa aikin yana jira. Ka kunna gwaji, ba ja ko ɗaya, sai ka miƙe ƙafa kana murna. Alhali ba a gwada komai ba.

Ra'ayina shi ne: kafin ka rubuta layin farko na manhajarka, ka zauna ka gyara injin da ke haifar da waɗannan fayilolin. Mai buga bulo ba ya bin bulo ɗaya-ɗaya yana kankarewa. Injin yake saitawa, sai bulo dubu su fito daidai.

Kuma abin ba wuya. Tun Rails 3, wanda ya fito a 2010, aka buɗe wannan ƙofar. A cikin fayil ɗin config/application.rb akwai wurin da ake kira config.generators, inda za ka ce RSpec kake so maimakon Minitest, ko FactoryBot ya riƙa samar maka da bayanan gwaji. Idan samfurin kansa ne bai yi maka ba, sai ka ajiye naka a foldar lib/templates, da suna da tsari irin na asalin. Rails zai fara duba naka kafin nasa. 'Yan Laravel ma ba a bar ku a baya ba: tun Laravel 7 a 2020, umarnin "php artisan stub:publish" yana kwafo samfuran zuwa foldar stubs, ka gyara yadda kake so.

Me za ka sa a ciki? Ni dai shawarata, ka sa gwajin ya faɗi da gangan tun ranar haihuwarsa, ya tsaya a ja har sai an rubuta na gaske. Sannan ka jera tambayoyin da kowa ke mantawa. Idan an bar gurbi ba a cike ba fa? Idan an turo abu ɗaya sau biyu fa? Idan lambar ta gaza sifili fa?

Ka ɗauka wata makaranta a unguwarku ta ba ka aikin manhajar karɓar kuɗin makaranta. Intanet ya yi nauyi, wani uba ya danna "biya" sau biyu, manhajar ta rubuta biyu. Ƙarshen zango lissafi ya ƙi haɗuwa. Ba Rails za a kira ba, lambarka ce a hannun shugaban makaranta. A sana'ar nan suna ne jari, kuma maganar aiki mara kyau ta fi ta mai kyau saurin zagaya gari.

Na san wani zai ce: malam, ai David Heinemeier Hansson da ya fitar da Rails a 2004 ya gina shi ne kan bin tsarin da aka shimfiɗa, ba kowa ya yi ta sauye-sauye ba. Gaskiya ne, kuma akwai haɗari. Samfurin da ka gyara ya zama kayanka. Idan sabon Rails ya fito da gyara a nasa, naka yana nan yadda ka bar shi, sai ka waiwaye shi da kanka. Wanda kuma ya cika samfurinsa da layi ɗari, abokan aikinsa gogewa za su riƙa yi. Don haka a taƙaita, tambaya uku ko huɗu sun isa. Amma gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Waɗanda suka gina Rails su ne da kansu suka bar ƙofar a buɗe.

Amfanin ya fi fitowa idan kuna aiki ku uku ko huɗu. Sabon yaron da ya shigo jiya, da ya danna umarni zai tarar da tambayoyin suna jiransa, ba sai wani ya tsaya a kansa yana tuni ba.

Yammaci ɗaya ya ishe ka wannan aikin. Daren nan, kafin ka shiga TikTok, buɗe foldar gwajin manhajar da ka fi alfahari da ita, ka ƙirga fayilolin da babu komai a cikinsu. Adadin da ka samu shi zai gaya maka ko maganata ta shafe ka.